Zakaran da Ya Yi Cara da Almuru

Shekara ashirin da biyu Tambaya ta yi tana jiran ƙanenta Maccido, tun ranar da mahara suka sure shi a bakin gonar gero a Kebbe, yana ɗan shekara tara. Da Allah ya dawo da shi kuwa, sai ya dawo mata da abin da ya hana ta sakat. An yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Lakwaja, can Nasara suka fanshe shi, suka raine shi, ya shiga addininsu.

Ita kaɗai ya faɗa wa. Lokacin kuwa raɗe-raɗin zuwan Nasara ya cika ƙasa, duk baƙo kallon ɗan leƙen asiri ake masa. Saboda haka ta sauke shi a zauren marigayi mijinta, inda fatake suka saba sauka, ta ce wa mutane wani mai goro ne. Niyyarta sai ta lallaɓa shi ya koma salla, sannan ta sanar da gari cewa ɗan uwarta ne.

To, akwai maƙwabcinta Ɗangiwa maƙeri, mutumin da ko kaza ta yi tari sai ya bi ba'asi. Ran farko ya tambayi baƙon me ya hana shi masallaci, Maccido ya ce ƙafa ke ciwo. Bayan kwana uku ya sake tsare shi a ƙofar zaure, rana ta riga ta faɗi.

"Kai baƙo, Musulmi na kai kuwa?"

"Musulmi na," in ji Maccido, kansa a ƙasa.

Bai rufe baki ba zakaran Tambaya ya haye rumbu ya kwarara cara. Tambaya ta fito a guje, don kowa ya san zakaran da ya yi cara da almuru mugun abu ya hango wa gida. Ta cafko shi ta miƙa wa Ɗangiwa ya yanka nan take, a ganinta an kashe magana ke nan. Amma da ta waiwaya sai ta ga ƙanenta ya zube a gindin bango, hannunsa damƙe da wani ɗan itace mai gicciye da ke rataye a wuyansa. Ɗangiwa ma ya gani.

Da suka keɓe ta rufe shi da faɗa. "Mi ad da kai? An yanke shi, ya ƙare!"

"Wagga ba ta yankuwa, Yaya." Ya gaya mata akwai wani cikin mabiyan Almasihu da aka faɗa wa tun kafin abin ya faru cewa zai yi musun ubangidansa sau uku kafin zakara ya yi cara, haka kuwa aka yi. Wata tsohuwa da ta raine shi a Lakwaja kuma ta yi mafarkin haka a kansa ranar da zai taso. "Biyu niy yi. An hwarkad da ni kahin na ukku. Ba ni ƙarawa."

Haushi ya kama ta, da tsoro wanda ya fi haushin. Wai a ce mutum ya tsallake mahara da kasuwar bayi, ya zo zakara ya ja masa mutuwa!

Washegari Ɗangiwa ya kai ƙara, aka zo aka tafi da Maccido Tambuwal gaban alƙali. Ta bi su a ƙafa, ba wanda ya kira ta.

Alƙalin tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya tambayi Maccido addininsa, shi kuwa ya faɗa a fili cewa shi mai bin Almasihu ne, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Zauren ya ɗauki salati. Sai alƙali ya ce magana biyu ce. In baƙo ne daga wata ƙasa, wanda ya tashi cikin addinin Nasara, za a raka shi iyakar ƙasa, kada ya sake dawowa. In kuwa ɗan Musulmi ne ya fita, kwana uku gare shi ya tuba, in ya ƙi sai takobi.

Ɗangiwa ya yi caraf ya ce, "Allah shi gahwarta malam, a dubi tsagen huskatai, a dubi na matag ga. Aska guda ta."

Alƙali ya dubi kumatun Maccido, ya dubi nata, ya daɗe yana duba. Ya ce, "Ke, mi ka tsakaninku?"

Ita ta goye shi, ita ta riƙe masa kai ranar da wanzami ya yi wannan tsagen. Ta sani sarai in ta ce ƙanenta ne ba zai tuba ba.

"Ban san shi ba. Baƙo na, goro yak kawo."

"Ba ɗan uwanki na ba?"

"Ɗan uwana ya mutu tun shina yaro."

Ɗangiwa ya ce a sa ta rantsuwa. Alƙali ya ce ba ita aka kawo ƙara ba, ya umarci dogarai biyu su raka baƙo kudu, kada ya kwana a garin.

A bakin zaure suka gifta ta. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallo, ba halin ta taɓa ko bakin rigarsa. Maccido ya ɗan rage tafiya, ya rusuna kamar yadda ake yi wa uwar ɗakin da aka ci tuwonta.

"Na gode da masauki, baiwar Allah."

"Allah shi kiyaye hanya, baƙo," in ji Tambaya.