Azurfar da Suruki Ya Sayo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Abdulgafar ya auri Raishatu, kuma a tsawon shekarun nan Dado ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ai suruki ne. In ya doso rugarsu da ke kwarin Tarka, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna bayan bukka ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana duban ƙasa. In suka yi kiciɓis a hanya, shi ke ratsewa cikin ƙaya. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin 'yarta Raishatu take bi. Har misali ake yi da kunyarsu a bakin rijiya.

To, ta bakin Raishatun ne zancen azurfa ya zo. Ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ta ƙare, shanu sun fara nuna haƙarƙari. Abdulgafar mai salula ne, mai zuwa Damagaram. Ya ce akwai wani mai saida azurfa a intanet, ka tura kuɗi ta waya, kayanka su iso tasha cikin kwali. Azurfa ba ta jin yunwa, ba ta jin ƙishirwa, in damina ta kankama a mai da ita shanu. Kuma kada ku ɗauki alhakin Abdulgafar, bawan Allah ba macuci ba ne, da nasa shanun ya fara.

Dado ta ce to. Me za ta ce? Shanunta takwas suka tafi, aka kawo mata sanduna uku, kowace kamar guntun sabulu, da tambari da lambobi, an manne su cikin leda. Saƙo ya biyo baya cewa kada a kuskura a buɗe ledar, darajar za ta faɗi.

Biyu ta binne a ƙarƙashin gado. Ɗayar ta sa a lalita ta ɗaure a ƙugu, yadda uwarta ke yi da abin da take ji da shi. Zafin bazara ya fasa ledar, gumi ya shiga. Ran nan da hantsi ta kwance lalitar, sai ta ga gefen sandar ya yi wani kore-kore, har ya ɓata fatar lalitar.

Munduwar azurfar da ke hannunta ta girmi Raishatu, ta sha gumi ta sha ruwan rijiya, in ta yi dauɗa baƙi take yi. Ba ta taɓa ganin azurfa ta yi kore ba.

Da yammacin ranar Raishatu ta zo da sabon saƙo. Ran kasuwar Belbeji za a kai sauran shanunta bakwai, don mai azurfa ya ce kaya sun kusa ƙarewa. Cikin bakwai ɗin har da Kyalla, jikar saniyar da uwar Dado ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. In Kyalla ta tafi, irin ya yanke.

To, yaya Dado za ta yi? Ta ce wa 'yarta mijinki ya kawo mini kayan jabu? A kan ɗan tabo? In ya tabbata azurfar ƙwarai ce, da wane ido za ta sake amsa gaisuwarsa? Sai ta ce, "Ni ma zan leƙa kasuwar, kanwa ta ƙare."

Ran kasuwa garken ya yi gaba, ita ta biyo baya a kan jaki. Sama fayau, ko ɗigon gajimare babu. A gefen hanya ta wuce mushen saniya, ungulaye sun ƙoshi har ba su tashi ba.

Rumfar Lawali maƙerin fari tana bayan 'yan gishiri. Tsoho ne mai tsokana, shi ya gyara mata munduwa shekarun baya.

"A'a, Inna Dado! Yau 'yan daji sun tuna da mu? Ko sabon miji aka samu, za a yi awarwaro?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa sandar. Ya juya ta, ya auna a tafin hannu, fara'arsa ta ragu.

"Ina kika samo wannan?"

"Mijin yarinyata ya sayo. A waya."

"A waya," in ji Lawali. "To, madalla."

Ya kara mata mayen ƙarfe, bai kama ba. Ya goga gefenta a baƙin dutse, ta bar farin zane. Dado ta ja numfashi, har ta fara jin kunyar kanta.

"Kada ki yi saurin murna, Inna. Baƙin ƙarfe kaɗai maye ke kamawa, dutse kuwa fata yake gani."

Ya cire mata munduwa ya sake ta a kan uwar maƙera. Ta yi ƙara siririya, doguwa, kamar ba za ta daina ba. Ya saki sandar. Ta ce ƙwal, ta yi shiru.

Daga can ɓangaren kasuwar bisashe ana jin kukan shanu da ihun masu lodi. Wata babbar mota ta kudu tana ta gurnani.

"Gaskiya ɗaya ce," in ji Lawali. "Sai an sare ta. Amma in na sare, ba ta komawa. Surukinki zai gani, zai san kin zarge shi."

Dado ta yi tsaye. Wallahi ta daɗe a tsayen nan, ta daɗe fiye da yadda ya kamata. Wata mata ta zo karɓar zobe, aka yi ciniki, aka yi raha, ta tafi, Dado na nan tana murza bakin zane. Sai da ta jiyo wani kuka da ta sani, mai kauri, mai karyewa a ƙarshe. Ko cikin shanu dubu ba ta ɓata muryar Kyalla.

"Sare."

Ya ɗora kurfi, ya ɗaga masaba. Bugu uku, sandar ta rabu. Farin bai fi kaurin ɓawon albasa ba. Ciki ja wur.

"Innalillahi," in ji Lawali a hankali. "Jan ƙarfe ne, Inna. Sun shafa masa azurfa."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta dumtse guntayen biyu ta zura da gudu, tsohuwa da ita, ta tsakiyar 'yan gishiri, ta ture kwandon wani, ana zaginta ba ta ji. Ta hango su. Bakwai ɗin na tsaye a gindin motar, Abdulgafar na gefe, dillali ya riƙe hannunsa yana girgizawa, ba a kai ga sallamawa ba.

Taku arba'in ne tsakaninsu, ga mutane, ga ƙaho. Ta cika ƙirji, sunan ya zo har bakinta. Shekara goma sha ɗaya harshenta bai saba da shi ba, abin da ya fito bai fi raɗa ba.

Sai Allah ya sa ya ɗago kai ya gan ta. Ta ɗaga hannu da jan ƙarfen a ciki, tana nufo shi.

Ɗan halak, mai ladabi! Ya ga surukarsa ta doso shi cikin taron maza. Nan take ya sunkuyar da kai, ya zame takalmansa, ya ja dillali da sauri suka kewaya bayan motar don ya ba ta hanya.

"Abdulgafar!"

Wannan karon ya fito, har makogwaronta ya yi zafi. Mata biyu masu saida nono suka riƙe baki. Amma injin motar ya fi ta murya. Daga bayan motar ta ji dillali ya ɗaga tasa muryar yana cewa Allah ya sa albarka.

Masu lodi suka ja igiya. Kyalla ta turje a bakin katako, ta juyo da kai tana neman mai ita, aka murɗe mata wutsiya ta hau.

Can sai ga Abdulgafar ya fito ta ɗaya gefen, salula a hannu, ya riga ya tura wa mai azurfa kuɗin. Ya tsuguna nesa da ita, ƙafa ba takalmi, idonsa a ƙasa.

"Inna, barka da rana," in ji shi. "An zo lafiya?"