Ranar da Malam Dominik Bai Gaida Kowa Ba

Duk Bodinga an san ni da baki. Inna takan ce da surutu noma ne, da gidanmu bai taɓa zuwa awo ba. Na'Allah bakanike ke nan, mai gareji a bakin tasha, wanda yake kwance injin babur yana ba mai shi labarin da bai tambaya ba. To, ni ɗin nan aka zaɓa in goya mutum daga Bodinga har Horo Birni, a kan sharaɗin ba zai ce mini ƙala ba.

Daminar zaɓe ce, shekarar da komai ya yi ɓatan dabo: sabulu, madara, taya, fulogi, fetur. Wanda ke kwance a Horo Birni kuwa Oga Kiletus ne, maigidana da ya koya mini riƙon sifana. Daga Binuwai ya zo ƙasar nan tun ban san kaina ba. Ɗan Katolika ne, amma duk Juma'a shi ke korata zuwa masallaci, wai ba ya son yaron da ba ya tsoron kowa. Da ƙafafunsa suka kumbura har tsuguno ya gagare shi, sai 'yarsa Filomina, wadda ke aikin ungozoma a Horo, ta zo ta tafi da shi.

Da safe ina buɗe gareji sai ga Malam Dominik. Shi ne katikis ɗinsu, wato mai koya wa 'yan cocin addini, mai jan su addu'a ranar Lahadi in Fada, limaminsu, bai zo daga Sakkwato ba. Bahaushe ne ɗan Malumfashi, yana koyarwa a firamare. Mutum ne da in ya fara gaishe ka sai ka nemi wurin zama. Zai tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi akuyarka da ta yi ɓari bara. Ranar gaisuwar ba ta yi tsawo ba, nan na san ba lafiya.

Ya ce, "Direban Horo ya kawo saƙo. Aman Oga ya tsaya, amma Filomina ta ce jiki ya yi nisa. Fada ya je kwanaki, ya saurari ikirarin zunubansa, ya shafa masa man addu'a, sai dai bai ba shi Tarayya ba. Ba a ba mai amai."

"Tarayya kuma, mi ke nan?"

"'Yar gurasa ce fara, marar yisti. In Fada ya yi addu'a a kanta wurin Misa, babbar ibadarmu, mu mun gaskata ta tashi daga gurasa, ta zama jikin Yesu da kansa. Ita ce guzurin mai tafiyar ƙarshe. Oga ita kaɗai yake tambaya."

Ni Musulmi ne, maganar ba ta shige ni ba, har yau ma ba ta shige ni ba. Amma na san guzuri, na kuma san Oga. Malam ya ce motar Fada tana kan duwatsu don rashin taya, shi kansa Fadan zazzaɓi ya kayar da shi, saboda haka ya ba shi izini ya kai. Zai je Sakkwato ya karɓo, ni kuma in kai shi a babur.

Har ya juya sai ya dawo. "Abu ɗaya, Na'Allah. In na dawo da ita a wuyana ba zan yi magana ba sai mun isa. Haka aka koya mana. Wanda ya rako babban baƙo ba ya tsayawa hira a hanya. Kada ka ji haushina."

Na ce masa ni zan yi ta mutum biyu.

Gaskiya ni ma ina da nawa kayan da zan kai. Akwai wani tsohon injin niƙa na Hajiya Kaltume da Oga ya shafe rani guda yana fama da shi, ya bar shi yana ce masa kafirin inji. A satin nan na samo nozul, bakin feshin mai, a jikin wata matacciyar tarakta, na goga, na gwada, inji ya yi tari ya tashi. Ban aika masa ba, don so nake in ga fuskarsa. Na san abin da zai yi: zai taɓe baki ya ce sa'a ce, sannan ya juya kai don kada in ga yana murna.

Malam ya tafi, ni kuma zama ya gagare ni. Na wanke kafireta da ba ta yi datti ba. Na leƙa tanki, na girgiza babur, na sake leƙawa, fetur ɗin bai ƙaru ba. Duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Hantsi ya wuce, aka kira azahar, na yi salla ina jin ƙarar kowace mota a kunnena, Allah ya yafe mini. Gabas kuma ta fara haɗa fuska.

Can sai ga shi ya sauko daga bayan wata motar albasa, da farar riga an ɓalle maɓalli har wuya, hannunsa na dama dafe da ƙirji. Wata 'yar jakar fata ce rataye da igiya kamar laya, a cikinta ɗan gwangwani da bai fi na man zafi ba. Abin da muka wuni jira ke nan. Mutanen tasha suka fara, "Malam, barka da sauka." Ya sunkuyar da kai kawai. Na ce lafiya lau yake, yana gaida kowa, na buga babur.

A hanya na yi ƙoƙari. Na ba shi labarin nozul tun daga tarakta. Na zagi ramukan titi, na zagi masu ɓoye taya. Ba ko "uhm". Sai numfashinsa a ƙeyata da motsin leɓɓansa, da hannun nan da ya tokare tsakanin ƙirjinsa da bayana. Tun ina magana da ƙarfi har na koma yi da kaina. Abin da ke cina shi ne, duk kalmar da ban faɗa ba sai ta koma tunani, tunanin kuma ɗaya ne: ko tsohon nan yana numfashi har yanzu.

Muna hango rufin kwanon Shagari babur ya yi shaƙuwa ya mutu. Mutane na zaton tunda garin shugaban ƙasa ne fetur a kwata yake gudu. Na tura, Malam na biye da ni, har ƙofar Alhaji Sodangi, wanda kowa ya san yana da durom a ajiye saboda motocin kamfe. Yana zaune a rumfa da dattawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na kwashi gaisuwa, ina yi ina kallon hadari. Malam Dominik ya tsaya can gefe da takalminsa, kai a ƙasa.

Alhaji ya san shi, shi ya koyar da 'ya'yansa lokacin da yake makarantar garin. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Dominik, barka da hanya."

Shiru.

"Malam, nic ce barka da hanya. Ina mutanen gida?"

Malam ya ƙara rusunawa. Na ga gumi na bin bayan kunnensa. Ban taɓa ganin mutum yana shan wuya a tsaye haka ba, don na san gaisuwar tana nan cike da bakinsa. Wani dattijo ya ce, "Shi wanga kurma yaz zama, ko ko boko na ya hau mai kai?"

Fuskar Alhaji ta rufe. Ya dube ni ya ce, "Babu mai."

Na so in ce haƙori ke damunsa. Ƙaryar har ta zo leɓe, sai na ga in na faɗe ta na mayar da abin da mutumin nan ya ɗauko wasa, shi kuma ba shi da bakin musawa. Na gyara durƙuso.

"Ranka shi daɗe, in ka ishe mutum ya tada kabbara, kay yi mai sallama bai amsa ba, raini na?"

"A'a."

"To shi tun Sakkwato yat tada tashi irin ta su. Sai Horo za shi sallamewa. Wani abu na na addininsu shika kai ma marar lahiya, kuma ba a magana in an ɗauko shi."

Dattijon nan ya ce, "Ibada bisa babur. Mun ga zamani." Aka yi 'yar dariya, ban da Alhaji. Shi Malam yake kallo, da hannun da ke dafe da ƙirji.

"Wa ab ba lahiya?"

"Oga Kiletus. An ce ko yau ko gobe."

Alhaji ya gyara zama. Oga ne ya rinƙa tayar masa da motarsa ta farko, wata akwala da ba ta tashi sai an roƙe ta. Ya sa aka kawo galan, aka ɗura mana. Muna shirin tashi ya ce, "Ku tahi. Amma in ya sallame, shi biyo ta nan shi biya ni gaisuwata."

Muna barin kwalta ruwa ya sauko. Hanyar ta koma kunu, gero na kaɗawa dama da hagu, babur na rawa da gindi. Sau biyu muna zubewa. Ni na faɗi ina zagi, Malam ya faɗi a kan gwiwar hannu ɗaya, ɗayan bai bar ƙirjinsa ba. A wata ƙorama da ta kawo har cinya na cicciɓi babur da taimakon wani Bafulatani, Malam ya cusa jakar a ƙarƙashin haɓarsa ya ratsa. Sauri ya haifi nawa, fulogi ya jiƙe, na tsaya gogewa da gefen rigata. Na daka masa tsawa na ce ko addu'ar ce ya yi da ƙarfi mu ji. Ya dube ni kawai, na ji kunya.

La'asar ta yi muka shiga Horo. Filomina na tsaye bakin ƙofa, ta ce yana nan, amma tun ɗazu maganarsa ke yankewa. A ɗakin ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan tebur, da kyandir a kunne, da gicciye, da ruwa a kofi da cokali. Malam ya tsaya a dokin ƙofa, duk jikinsa taɓo, ya buɗe baki karo na farko. Murya a dishe ya ce, "Salama ta tabbata ga gidan nan da duk na cikinsa."

Ni na riga shi kutsawa. Oga ya rame har na ga kamar ba shi ba, amma idon nan nasa ne. Ya gane ni. Ya ɗago yatsu ya ce, "Na'Allah. Yaya gareji?" Kowace kalma sai ya huta kafin ta gaba.

Ga tambayar da na yi ta jira, ga amsar a bakina. Na san kuma in na fara zai biye mini. Zai tambayi wace tarakta, zai yi gardama a kan nozul, don ko a bakin kabari Oga ba zai bar gardamar inji ta wuce shi ba. Na dubi ƙirjinsa yadda yake ɗagawa da ƙyar, na ga abin da ya rage masa ba zai ishe mu mu biyu ba.

Na ce, "Lahiya lau, Oga. Ga Malam ya kawo maka saƙonka. In kun gama mu yi magana."

Na ja baya zuwa ƙofa. Malam ya durƙusa ya ajiye ɗan gwangwanin a kan farin ƙyallen, suka yi addu'a su uku, Oga na bi da leɓe. Sannan ya ɓantari ɗan mitsitsi daga farar gurasar, ya ɗaga, ya ce, "Jikin Kristi." Oga ya ce, "Amin." Wannan na ji ta sarai. Filomina ta bi masa da cokalin ruwa, muka zuba wa maƙogwaronsa ido har ya motsa. Na fita na nemi buta na yi la'asar a gindin wata bedi.

Da na dawo idonsa a rufe, bakinsa a rufe, fuskarsa ta saki. Filomina ta ce godiya yake yi, haka ake yin shiru bayan an karɓa, in ɗan jira. Na zauna na kama hannunsa, hannun da baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ya matse nawa kaɗan. Na jira. Kafin a kira magariba ya cika.

Washegari muka kamo hanya don Malam ya kai wa Fada labari a shirya jana'iza. Bakinsa ya buɗe kamar an cire toshiya. Ya gaida masu noma, ya gaida mata masu tallan nono, ya yi ta gaya mini yadda Oga ya yi dace, yadda ba kowa ke samun haka ba. Ya ce in ba don ni ba da ba a kai ba. Ina ji, ina kallon hanya.

A Shagari ya sa na tsaya. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Alhaji Sodangi, ya biya ta jiya da ta yau. Ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi gona da kasuwa, ya bi dattawan rumfar kaf har wanda ya ce masa kurma. Da ya ji rasuwar Oga, Alhaji ya yi masa ta'aziyya, suka yi ta jan "madalla" ba mai niyyar saki.

Ni ina kan babur, ban kashe ba. Alhaji ya leƙo ta kafaɗar Malam, ya daɗe yana kallona.

"Na'Allah, tun da kunka tsaya ban ji bakinka ba. Kai kuma mi kaɗ ɗauko?"