Shucin Ɗakin Gogo

Tun watan Yuni, farkon sanyi a nan ƙasarmu, Gogo ta sa ni gaba da mitar jinka. Gogo uwar mijina ce, ta tsufa har ta ranƙwafa, ga tari da ke kama ta duk lokacin sanyi, amma bakin nan nata ko gezau. Kullum na durƙusa bakin ƙofa na miƙa mata kunu sai ta nuna sama da sandarta.

"LaTsabedze, jiya ma ina kwance ina kallon taurari. Ko so kike damina ta zo ta yi mini wanka a kan tabarma?"

Da gaskiyarta. Bunun ɗakin ya ruɓe, ɓeraye sun ƙarasa sauran. Mijina Majahonke yana can ƙetaren iyaka yana yankan katako, sai Kirsimeti muke ganinsa. Baibaya kuwa aikin mata ne, in ɗakin Gogo ya yi yoyo ba sunan ɗanta za a kira ba, nawa za a kira. Ya taɓa cewa zai aiko da kwano, ta ce kakanni ba sa jin magana a ƙarƙashin kwano, in ya aiko awaki za ta rufa wa.

Shuci kuma babu shi ko'ina sai cikin gandun dajin Mbabala. Na waje shanu sun cinye shi tun yana ɗanye, cikin shingen wayar gandun ne kaɗai yake tashi ya wuce kan mutum. Tun ina amarya tsarin ɗaya ne. A watan Yuli su buɗe mana ƙofa mu shiga da laujenmu, in kin yanki dami uku ki ajiye wa gandu ɗaya ki ɗauki biyu.

Bana sai aka kawo sabon manaja, Vilakati, yaro mai gajeren wando da baƙin tabarau. Abin da ya hana shi sakat wata mujalla ce da ta jero gandayen dajin ƙasar nan da suka cancanci a ziyarta, babu Mbabala a ciki. Ƙasar da mota ke ƙetarewa kafin tuwo ya nuna, gandu nawa ne a cikinta da har za a manta da ɗaya? Ya ɗauki abin kamar an zagi uwarsa.

Ranar buɗe ƙofa ya tara mu ya nuna mana wasu tsaikuna da ya sa aka kafa a bakin rafi.

"Iyayena, taimako nake nema. Baƙi suna son kwana a ɗakin ciyawa. Ku fara yankar wa waɗannan ku baibaye su, bayan nan duk kwarin nan naku ne, ko dami ɗaya ba zan karɓa ba."

Ƙawata LaMagagula, wadda ba a yi maganar da za ta wuce ta ba, ta gyara goyo ta ce, "Ɗan nan, su baƙin ba su da ɗakuna a garinsu ne?"

"Suna da su, Mama, har na bene. Irin namu suke sha'awa."

"Oho. To a kai su na surukar LaTsabedze mana, har da taurari kyauta."

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Muka yarda, don da ka dubi kwarin nan yana rawa da iska, ja wur, ka san ya ishi kowa har ya yi saura.

Mun sha wahala. Sanyin safiya ya farfasa mana hannu, kaska ta cika mana ƙafafu, shucin da ya fi tsawo da santsi shi muka zaɓa musu. Ni dai hannuna bai iya aikin ganin ido ba. Duk ɗakin da na hau sai na ɗaure shi tamau yadda uwata ta koya mini, na daddaɓe bakinsa ya daidaita. Kafin mu sauko daga na ƙarshe watan Agusta ya ƙare.

Ran Litinin muka dawo yankar namu, muka tarar da ƙofa a kulle. Mai gadi Shongwe, ɗan ƙauyenmu ne kuma ƙanin mijina ta wajen uwa, ya fito yana sosa ƙeya.

"Matar yaya, ba yau ba. Matar da ke rubuta mujallar nan tana ciki. Manaja ya ce kada ta ga mata da lauje da goyo, wai zai ɓata hoto."

"Mu ne ƙazantar dajin ke nan? Da muna saman ɗakunansa bai ga goyon ba?"

"Ni ɗan aike ne. Ku dawo wani mako."

Wani mako aka ce manaja ya tafi taro Mbabane da mabuɗin magana a aljihunsa. Na gaba aka ce wasu baƙi sun zo daga Durban. Kullum mu hau tudun nan da lauje da gorar kunu, mu sauko da su yadda muka hau. In na shigo gida Gogo ta dubi kaina, ta ga babu dami, ta kau da kai. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A ƙarshe Shongwe ya aiko cewa mu zo ranar Alhamis, an ba da izini. Muna kan tudu LaMagagula ta tsaya cak ta ce, "Ke, me kike ji?" Ƙauri ne. Da muka ƙarasa sama muka ga kwarin nan gaba ɗaya yana ci da wuta, ma'aikatan gandu na bin gefe da rassan itace suna tare ta kada ta tsallaka hanya. Ba gobara ba ce, su suka sa.

Ban san lokacin da na wuce Shongwe ba. Na sami Vilakati a ofis yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, shucinmu ne ke ci can?"

"Mama, zauna mana. Matar nan ta yini tana zagaye, ta ce ba ta ga komai ba sai kunnuwan jakin dawa, ciyawa ta rufe dabbobin. In an ƙone, sabon tsiro zai fito, barewa su taru bakin hanya. Za ta dawo a Nuwamba. Ai akwai gangaren gabas, ku je can."

"Gangaren gabas? Wanda duwatsu ne da ƙaya? Ka taɓa ganin an baibaye ɗaki da ƙaya?"

"To, a yi haƙuri, akwai baɗi."

"Fita ka gaya wa damina ta jira baɗi! Kai da bakinka ka ce kwarin namu ne."

"Ai naku ne, ban hana ku ba."

Na rantse da ba don na tuna ni matar mutane ce ba, da kofin nan na kifa masa a ka. Na haɗiye, na roƙe shi ragowar dammunan da muka jibge a bayan ɗakunan baƙi, ni na yanke su da hannuna. Ya ce waɗannan sun zama kayan gwamnati, na gyara ne. Shongwe ya rako ni ƙofa yana ba ni baki, na ce ya rufe mini baki tun ban haɗa da shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Na sauko tudun nan ina kuka, kukan takaici.

Na bi ƙauyukan bayan dutse ko zan samu na saye, duk masu masaukin baƙi sun riga ni. Oktoba ta shigo, hadari ya fara haɗuwa ta kudu, tarin Gogo ya ƙaru har ina jin sa daga wajen murhu. Na ce ta dawo ɗakina kafin Allah ya kawo mafita.

Ta ce, "A ɗakin nan uwar mijina ta cika, a nan ake gaya wa kakanni duk abin da ya sami gidan. In na fita wa zai zauna da su? Ke?"

Ɗakina shekara biyu ke nan da baibaya, shucinsa da sauran ƙarfi. Na kwana biyu ina kallonsa ina jin haushin kaina da na Vilakati da na matar mujalla da ban taɓa gani ba. Sannan na kira LaMagagula muka hau muka fara kwancewa.

Ta ce, "Ke kuma ki kwana ina, uwar 'yan taimako?"

"Zan ɗaura leda."

"Leda! Allah ya sa iska ta san ke ce."

Rabin shucin a hannu ya karairaye. Abin da ya rufe ɗakina da ƙyar ya rufe na Gogo. Ita kuwa tana zaune a rana tana kallonmu. Ta ɗauki 'yar ciyawa da ta faɗo ta shinshina, ta ce, "Wannan ya sha hayaƙi." Ta dubi ƙwarangwal ɗin ɗakina, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce gefen yamma bai yi kauri ba, in ƙara.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Iska ta riga shi, ta fizge ledar nan da igiyarta ta yi gaba da ita, na bi ta da gudu har na ga ta maƙale a wayar gandu. Kafin in dawo ƙanƙara ta fara zuba a kan katifata da buhun garin masara. Gogo ta ƙwala wa 'ya'yana kira, suka ruga ɗakinta da bargunansu a ka. Na bi su da buhun garin na tura shi ciki, na tsaya. Matar ɗa ba ta tsallake wannan ƙofa, kakannin mijinta ne a ciki. Ni na sani, Gogo ma ta sani.

Na raɓe jikin jinkar, ruwa na bin wuyana yana gangarawa. Can na ji tarinta, sannan muryarta.

"LaTsabedze!"

"Na'am, Gogo."

"Ba ya yoyo."

"To, Gogo."

Duk ɗakunan da na baibaye bana babu wanda ke ɗiga, kuma babu ko ɗaya da nake da ikon shiga.