In Ya Yi Kore

…kuma wai kar in taɓa komai sai akwatin nan na ƙasa. Wane na ƙasa, Auta? Duk akwatuna ne, sun jeru kamar aljihunan da ba a ɗinke ba. Kin tafi sayo zare da zif, kin bar ni da laftof a kan teburin yanka, almakashi nan, alli can. Ni da ido kawai nake auna kafaɗar yaro.

SPF, wai sunan na farko ke nan. Wannan tare muka yi shi jiya, ya yi kore, alamar ya kama. Ɗayan ma kore. Saura na ukun, DKIM, wani dogon layi kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Kika ce, Umma, hatimi ne. In muka aika wa shugabar makarantar da ba ta san mu ba imel cewa muna ɗinka yunifom, akwatinta zai leƙa ya ga hatimin, ya yarda daga shagonmu ne, ba ɗan damfara ba. In babu, sai kwandon shara. Ashe saƙonnin watan jiya duk can suka kwana. Ni kuwa ina ta zargin bayin Allah da girman kai.

To, na gane. Tun farko na gane, ke ce dai kika ɗauka…

Mai walda na kusa da mu ya tada janareto, teburin har rawa yake.

A kwafa, a liƙa, a danna ajiye. Kin sa na yi ta maimaitawa har kika fashe da dariya, wai Umma na ɗaga yatsa kamar za ta kashe sauro. Irin dariyar da kika yi ranar da na saka miki yunifom ɗinki na farko, hannun rigar ya haɗiye yatsunki, na ce ai za ki girma ki cika shi — wa ya aike ni?

Masu son ɗaukar ki aiki sun ba ki zuwa ƙarshen mako ki ba su amsa. Aiki mai kyau, ofis, gari mai nisa. Kika ce, ba zan tafi in bar ki saƙonki na faɗawa shara ba. In ukun nan suka yi kore, kuma na ƙarshen da hannunki kika yi, Umma, zan ce musu to. In ba su yi ba… ba ki ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Harafi ɗaya, in ji ki. Ko harafi ɗaya ya ɓace a layin nan ba zai kama ba, kuma sai an sha wuya kafin a gano wurin. Me ya sa kika gaya min? Wa ke ba kura ajiyar nama?

Na liƙa. Ga shi ya kwanta, ɗan tsinken nan yana ƙifta min ido a ƙarshensa. Yatsana na kan maɓallin gogewa. Taɓawa ɗaya. Ja ya fito, ki dawo da ledar zare, ki ce Umma kin yi ƙoƙari, ki zauna ki yi ta bincike, mako ya wuce… Astagfirullah. Yayanki ya tafi, yayarki ta tafi, babanku ya yi tafiyar da ba a dawowa. Sai ni da fanka mai kuka. Wa zai ce min gishiri ya yi yawa? Wa zai zura min zare a allura in ido ya gaji?

Ga makarantu sun kusa komawa, ga yadi jibge har rufi. In saƙo bai shiga ba, wa zai san muna nan? Kin ce kaɗan-kaɗan za mu riƙa aikawa kullum, sabon adireshi baƙo ne a unguwa, ba ya buga kowace ƙofa rana ɗaya. Za mu… ni da wa?

Na ɗauke yatsan. A'a, zamewa ya yi zuwa kan ajiye. Ko ni na kai shi? Abin yana juyawa, yana juyawa. Kin ce wani lokaci sai ya yi awoyi kafin ya nuna. Allah sa ya yi awoyi. Allah sa — me ma nake roƙo? Ja ko kore?

Kore. Tun ban gama addu'ar ba.

Waya na ruri a ƙarƙashin ƙyallaye. Na san ke ce, na san abin da za ki tambaya. Da hannuna na yi, Auta, ya yi… bari dai in ɗan zauna tukuna.