Sirdin Raƙumin Baba

Midhat ya dire raƙumin tagulla a kan teburin yayansa Adli, ko sallama bai yi ba. Shekara goma sha tara rabonsa da wannan shago na unguwar Attarin, kuma warin tsofaffin kayan nan bai sauya ba, haka ma fuskar mai shagon.

Raƙumin nan kurtun tawadar mahaifinsu ne, marubucin wasiƙu a ƙofar kotun Iskandariyya. Raƙumi ne a durƙushe, sirdinsa ne murfin. Ranar rabon gado Midhat ya ɗauki raƙumin, Adli kuwa don tsabar mugunta ya zare sirdin ya jefa a aljihu. Tun daga nan Midhat ya tara kurtunan tawada sun fi sittin, masu siffar zaki da agwagwa har da biri mai hula, amma na Baba da murfin kwalba yake rufe shi.

"An ce kana nemana," in ji Midhat.

"Likita ya ce in sallami masu damuna kafin in mutu. Kai ne na farko." Adli ya turo wani ƙullin jarida da bayan hannu. "Ɗauki, kyauta. Kada ka ce yayanka bai taɓa yi maka komai ba."

Midhat ya kwance ƙullin. Sirdin ne, yana walƙiya kamar haƙorin Makka.

Duk mai harkar tsofaffin kaya ya san ba a goge tsohuwar tagulla, baƙin tsufan nan shi ne darajarta. Adli da ya shekara arba'in yana sayar da ita ya fi kowa sani. A gefen sirdin a da akwai tabon tawada, daidai inda babban yatsan Baba yake ɗaga shi. Tabon nan Midhat ya yi ta mafarkinsa.

"Yaya, da me ka goge shi?"

"Lemon tsami da toka. Kwana uku na yi." Adli ya kurɓi shayinsa. "Ba ka iya godiya ba ne?"

"Allah ya isa."

"Amin. Ja mini ƙofar in ka fita."

A gida Midhat ya ɗora wa raƙumin sirdin, ya zauna daram. Ya daɗe yana kallonsu. Daga baya ya cire sirdin ya jefa a aljihun tebur, ya mayar wa raƙumin murfin kwalbarsa.