Gefen Gaton Madam

Kwana biyar ke nan Baba Sallau bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, ruwan ma sai an sha fama. 'Yarsa Mansura ta dama kunun gyaɗa, ta dama fura da nono, ta yanka zakaran da take ji da shi ta yi romo. Duk a banza. Da cokali ya doso shi sai ya datse haƙora, ya kau da kai, ya ce a hankali, "Ba a kai tebur ba."

Wane tebur kuma? Duk gidan nan na Bande babu tebur sai ɗan guntun da ake ɗora rediyo. Amma shi tsohon ai ba a Bande yake ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin kuku a gidan wasu Turawa masu haƙa rijiyoyi a Damagaram, kuma tun bara hankalinsa ya tattara ya koma can. Da farko sunayen jikoki ne suka ɓace masa, sai hanyar masallaci, sai ita kanta Mansura. Yanzu Fadi yake kiranta, sunan matar da ke wanki a gidan Turawan, wadda ta rasu tun tuni. Duk sanda ya ce "Fadi" sai ta ji abin ya soke ta, ta amsa dai.

Ranar Laraba da safe majo, babban ma'aikacin asibitin garin, ya zo ya duba shi. Ya ja fatar hannunsa, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce in bai ci abinci ba zuwa gobe, to a kai shi Damagaram a sa masa tiyo ta hanci. Yayanta Rabilu, wanda ke aiki a Magarya, yana tsaye, nan take ya buga waya ya nemi mota. Za ta zo gobe da la'asar.

Mansura ta bi shi zaure. "Yaya, ka manta abin da ya ce?"

"Ban manta ba."

"A gabanka ya kama hannuna, ranar da kuka dawo daga binne Inna. Ya ce ya ga yadda ta ƙare can nesa da tiyo a hanci, ba ta ko iya yi masa magana. Ya ce kada in bari a fitar da shi daga gidan nan. Na ce na yi alkawari."

"Sai mu zuba masa ido yunwa ta kashe shi? Ki ba shi ya ci, Mansura. In ya ci ko loma uku a gabana, wallahi ni zan sallami motar da kaina."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji kamar ta shaƙe shi.

Tana kwashe kwanonin da aka ƙi ci ne idonta ya faɗa kan farantin ƙarfen nan mai kusurwa huɗu, baƙi ƙirin, wanda ke rataye a bangon ɗakin Baba tun da ya bar aiki. A cikinsa yake gasa abin da yake kira gaton Madam, wato kek ɗin uwar gidan Turawan. Ba irin gaton biki ba ne mai tashi fam. Shi wannan gajere ne, launin ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigon shokola, wato cakulan, a ciki, in ka ciza sai ya ɗan ja kamar alewa. Ita ba ta taɓa cin tsakiyarsa ba, tsakiya ta masu gida ce. Gefen da ake yankewa a zubar shi yake ƙunsowa a takarda, duk ƙarshen wata in ya zo gida, ita kuwa tana bakin ƙofa tun hantsi tana jira.

Ta ce a ranta, mutumin da ya ƙi kunu wataƙila ba zai ƙi wannan ba.

Rabilu ya yi tsaki da ya ji shokola take so, amma ya hau babur ya koma Magarya. Ya zaga kantuna har ya samo shokola mai faɗi guda uku, irin wanda ake ɓantara. Kafin ya iso, rana ta mai da su kamar kunu a cikin takardarsu. Mansura ta ɗaure su a leda ta jefa cikin randa, ta tsaya a kansu kamar mai jiran haihuwa har suka sake daskarewa.

Sauran kayan ta tuna su, don ta sha jin yana lissafa wa Inna: man shanu narkakke, sukari mai duhu, ƙwai biyu, fulawa, ɗan gishiri. Sukari mai duhu babu, sai ta daka mazarƙwaila. Gashin ne ba ta sani ba, don haka ta leƙa katanga ta kira maƙwabciyarsu Inna Ɗela.

To, Inna Ɗela dai ba a yi bikin da ya amsa sunansa a Bande ba tare da gatonta ba, kuma ta san da haka, kowa ma ta tabbatar ya sani. Ta shigo tana ɗaura ɗankwali tana ba da umarni tun daga zaure. Aka zuba yashi a gindin babbar tukunya, aka ɗora a kan garwashi, aka sa farantin a ciki, aka rufe, aka zuba wani garwashin a kan murfi. Ta zaro tsinke daga tsintsiya ta riƙe.

"Ki saurara, 'yar nan. Gato sai an soka tsinke ya fito tas. In ya fito da danshi ɗanye ne, kuma ni ba a taɓa cin ɗanyen gato daga hannuna ba."

Suka soka, ya fito da danshi, suka rufe. Suka sake, suka rufe. Sai a karo na huɗu tsinken ya fito tas. Abin ya yi kyau a ido, ba laifi. Mansura ta yanka ta kai wa Baba. Ya dubi abin ya daɗe. Ya sa ɗan yatsa ya danna, yatsan bai shiga ba. Ya ture farantin da bayan hannu, ya juya fuska bango.

Amma ya danna! Kwana biyar bai kula da komai ba, yau ya miƙa hannu. Wannan kaɗai ya hana ta zama.

Inna Ɗela ta ce laifin mazarƙwaila ne. Washegari da hantsi suka sake, aka ƙara mai, aka rage wuta, aka jira tsinke ya fito tas. Wannan karon ko dannawa bai yi ba. Ya ɗan shinshina, ya rufe ido. Leɓunansa sun bushe sun tsage, numfashinsa ya koma sama-sama. Mansura ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah. Don girman Allah, ko gutsure ɗaya. Za su tafi da kai fa."

"Ba a kai tebur ba, Fadi."

Ta fita bayan ɗaki ta toshe baki da gyale ta yi kukanta, don kada ya ji. Tsoro ne ya cika ta, tsoron ya mutu a hannunta saboda taurin kanta, da tsoron ta tsaya tana kallo a ciccibe shi a sa a mota yana kiran sunan wata. Ta rasa wanda ya fi muni.

Shokola ɗaya ya rage a randa. An yi azahar.

Ta kasa barin sa shi kaɗai a ɗaki, sai ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiyar tsakar gida, ta jingina shi da matashi, ta jawo murhun kusa yadda za ta riƙa ganin ƙirjinsa. A nan ta narka man, ta zuba mazarƙwaila, ta fasa ƙwai biyun ƙarshe. Ta yayyanka shokolan ƙanana kamar ƙwayar wake, tana sauri kada ya narke mata a yatsu. Inna Ɗela ta dawo da sabon tsinke, ta zauna a kan turmi tana cewa ita fa a ganinta a kai shi asibiti kawai.

Aka rufe tukunya. Can ƙanshi ya fara tashi, na man shanu da sukarin da ya fara kamawa. Inna Ɗela ta ɗaga murfi ta soka tsinke, ya fito jage-jage.

"Da saura. Da saura sosai."

"Sauke."

Su biyun suka waiga. Baba Sallau ne. Idonsa a buɗe, hancinsa na motsi, kuma muryar ba ta mara lafiya ba ce, ta mutum ce da ya saba a yi abin da ya ce.

"Fadi, kin kurmance ne? Sauke shi!"

"Haba, Malam Sallau," in ji Inna Ɗela, "tsakiyar fa rawa take yi. Wannan ai ƙullu ne."

Mansura ta leƙa. Wallahi ƙullu ne. Gefen ya yi ja ya ɗan janye daga ƙarfen, amma tsakiyar tana sheƙi, tana motsi. In ta sauke ya lalace, shi ke nan, babu wani shokolan, babu wani ƙwan, babu lokaci. Duk abin da ta sani game da girki yana ce mata ta mai da murfi. Ta dubi Inna Ɗela da tsinkenta, ta dubi tsohon da bai san sunanta ba. Ta naɗe hannu da tsumma ta fizgo farantin.

"A ƙasa, a inuwa," ya ce. "Kada wanda ya taɓa. Zafin ƙarfen zai ƙarasa shi."

Inna Ɗela ta tafa hannu ta ce ita dai babu ruwanta, a shaida. Amma ba ta tafi ba, ina za ta tafi.

Ana kiran la'asar motar ta tsaya a ƙofar gida. Rabilu ya shigo da bargo a kafaɗa. Ya ga tsoho a tsakar gida, mata biyu sun sa faranti a gaba suna kallo.

"Ya ci?"

"Yaya, ka ɗan jira."

"Ya ci ko bai ci ba?"

"Bai huce ba."

Direba ya danna oda. Rabilu ya ce hanya da nisa, direban kuma ba zai kwana a nan ba. Ya sunkuya zai ɗauki mahaifinsu, Mansura ta shiga tsakani ta riƙe bargon da hannu biyu. Ba ta taɓa yi masa haka ba tun suna yara. Ta ce ya ba ta daidai lokacin da zai yi salla, in ya sallame bai ga komai ba, ita da kanta za ta riƙe ƙafafun. Ya dube ta, ya saki bargon, ya ɗauki buta.

Kafin ya idar, tsakiyar farantin ta daina sheƙi, ta kwanta, ta yi 'yan tsage-tsage a sama. Baba ya miƙa hannu. "Wuƙa."

Hannun da ba ya iya riƙe kofi, shi ne ya bi gefe huɗun nan ya yanke su siri-siri, ya tura su waje ɗaya. Ya yanka tsakiyar gida-gida. Ya ɗauki guda ya danna, ya lotsa, ya ja shi ya ɗan miƙe kafin ya rabu, shokolan na naso a ciki. Sai ya kai baki. Ba yunwa ce ta sa shi ba, kuku ne yake ɗanɗana aikinsa kafin ya fita. Ya tauna, ya tauna, maƙogwaronsa ya motsa.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ya ce. "Amma zai shiga. Kai tebur."

Sai a lokacin Mansura ta gane. Wayyo, kwana shida! Mutumin nan ba ƙin abinci yake yi ba. Shekara ashirin da biyu bai taɓa cin nasa ba sai masu gida sun ci an kwashe, shi ne yake ta jira a sallami tebur.

Ta jera yankan a faranti mai kyau, ta ɗauka da hannu biyu, ta shiga ɗakinsa. Babu kowa ciki sai gado da rediyo. Ta juye su a kwano ta rufe, ta tsaya tana ƙirga numfashinta har ta ga an kai lokacin da mutum zai ci ya ƙoshi. Ta goge ido ta fito da farantin wayam.

"Madam ta ci?"

"Ta cinye tas. Ta ce a gaishe da kuku."

Ya yi ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka. "To, madalla. Akwai ɗan abin da ya rage mana a baya?"

Inna Ɗela, duk da girman jikinta, ita ta riga kowa zuwa murhu. Aka kawo kunun gyaɗa da ɗumi. Ya sha cokali ɗaya, biyu, Rabilu na tsaye da carbi yana ƙirgawa da leɓe. A na tara ya juya ya fita zaure, suka ji yana ba direba haƙuri, suka ji motar ta tashi. Ya daɗe bai dawo ba.

Baba ya ture kofin, ya nuna gefen gaton da ya ware.

"Fadi, samo mini takarda ki ƙunshe wannan. Kada ki ci fa, na san halinki."

"Na wa ne, Baba?"

"Na 'yata ne, Mansura. Gobe zan je gida." Ya yi murmushi, irin wanda rabonta da gani tun bara. "Ba ki san ta ba. Tun hantsi take tsayawa a bakin ƙofa, ko an kira ta cin abinci ba ta zuwa."

Mansura ta yago takarda daga tsohuwar kalanda, ta jera gefen a ciki, ta naɗe yadda yake naɗewa, ta murɗe bakin biyu.

"Zan kai mata da kaina," ta ce. "Yanzu haka tana nan tana jira."