Layar Hajiya Jumai

Shekara tara ina zuwa Guangzhou sarin kaya, ban taɓa hawa jirgi babu layar da kakata Hajiya Jumai ta ba ni ba. Ta marigayi kakana ce, Malam Shitu, don haka na riƙe ta hannu bibbiyu.

Bana na faɗo a watan da garin nan yake gumi. Bango yana tsattsafo da ruwa, riga ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Ranar da na dawo daga kasuwar Baima na ciro layar, sai na tarar fatar ta yi fumfuna, ɗinkin ya saki, takardar ciki ta leƙo a jiƙe. Da wane baki zan gaya wa tsohuwa na lalata abin mijinta?

Kusa da masaukina akwai wani dattijo ɗan Sin mai sayar da tsofaffin littattafai. Na yi alwala na kai masa, amma na hana shi taɓawa. Bai ji haushi ba. Ya zaro wani littafi mai jan bango da ƙwari suka ci gefensa, irin wanda Turawan Ingila suke rubuta wa matafiyansu a da, har da taswirar garin tun ana ce masa Kanton. Ya nuna mini da hannu in shimfiɗa takardar tsakanin shafuka, su tsotse damshin.

Na yi bisimilla na warware. Ajami ne, bugun inji. Na sassauta murya na fara karantawa: "Ya ku jama'a, ga yadda ake jefa ƙuri'a." A ƙasa ga zanen akwati, ga tambarin gwamnatin Ingila.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara tara ina cire wannan abu kafin in shiga banɗaki, ashe takardar siyasa nake yi wa ladabi. Daga baya tausayi ya kama ni, don Hajiya ba ta iya karatu ba. Na yi niyyar in ce mata fatar kawai aka sake. Amma da na kira Kano daga shagon dattijon na ji muryarta, ƙaryar ta ƙi fitowa, na faɗa mata komai.

Ta yi dariya har da tari.

"Kai maigidana, wautarka ba ta ƙarewa. Yo ni na ce maka addu'a ce?"

"To Hajiya, me ya kai takardar zaɓe cikin fata?"

"Kakanka masinja ne a ofishin Turawa," in ji ta. "Suka ba shi takardun nan ya raba wa maza a bakin kasuwa, don lokacin mu mata ba ma zaɓe. Ina tallan gyaɗa, ya tsallake dattawa sun fi goma ya miƙo mini ɗaya. Har gori aka yi masa. Da ya rasu na kai wa baduku ya ɗinke mini, don kada ta yage."

Dattijon yana ta kallona, ya turo mini kujera da ƙafa.

"Ban taɓa ba kowa ya karanta mini ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Kunya nake ji. Tunda ka riga ka buɗe, karanta in ji abin da ya ba ni."

Na zauna, na buɗe littafin Baturen a kan gwiwata. Na karanta mata yadda ake bin layi, yadda ake shiga ɗaki a jefa ƙuri'a ba wanda ya gani. Na kai rabi sai na ji tana jan hanci.

"Sharfaddeen," ta ce, "saurin me kake yi? Koma farko, a hankali."